Neman shawara: 230E ɗin Baba tana shanye man bwat, makanike ya ce a canja ta gaba ɗaya

Mai tambaya, Yantala:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san tsofaffin Marsandi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Mercedes 230E ƙirar W124 ta 1988, otomatik. Ta daɗe a ajiye a gidanmu na Tawa ƙarƙashin rumfa, babu mai hawa. Da aka yi rabon gado na ce a bar mini ita, na kawo ta Yamai. An sa batir, an wanke tanki, an canja buji da man inji, ta tashi, kuma injin lafiyarsa ƙalau.

Bwat ɗin giya ce ta hana ni barci. Da safe in na sa D sai ta yi jim kafin ta kama, in ta kama kuma da duka take kamawa har motar ta zabura. Ribas kuwa nan take yake shiga. A kan hanya, wajen shiga giya ta uku, inji yakan yi ihu kamar an sa N, sannan ta kama. Man bwat yana raguwa, ina ƙarawa yana ɓacewa, alhali ko ɗigo babu a inda take kwana. Wani lokaci in na saki totur, misali ina gangarowa Gadar Kennedy, sai farin hayaƙi ya biyo salansa. Makanikena ya ce giya ta ɗaya ma ta mutu tunda ba ta tashi da ita, gara in sayi bwat ta hannu a ɗora. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin kuɗin motar. In saya ne, ko akwai abin da ya kamata a duba tukuna?

Direban Tawa–Yamai:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Tambaya ɗaya ƙanena: yaya anka kawo ta Yamai? In da igiya anka jawo ta, to magana ta ƙare. Famfon man bwat da inji yake juyawa, kuma ƙa'idar jan irin waɗannan motoci ɗan gajeren zango ne kawai, a gudun da bai wuce 50 ba, sai fa in an kwance farfela, sandar da ke kai juyin bwat zuwa tayoyin baya. Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso ya fi kilomita 500.

Mai tambaya:
A'a Yaya, a bayan babbar mota aka ɗoro ta. Tayarta ba ta taɓa kwalta ba.

Direban Tawa–Yamai:
Madalla, ka tsira daga wannan.

Wani ɗan'uwa daga Lazare:
Ka kai ta a sa mata kwamfuta mana, nan take za ta faɗi ciwon.

Tsohon makanike, Bukoki:
Ɗana na Lazare, wace kwamfuta? Bwat ɗin da ke cikin 230E ita ce 722.4, mai giya huɗu, kuma da matsin mai kaɗai take aiki. Abin da ke gaya mata lokacin canji da ƙarfinsa shi ne kebul ɗin da ya taho daga totur, da zuƙar iskar inji, da gudun motar. Ba ta da ƙwaƙwalwar da za a tambaya. Masu lantarki, 722.6, sai tsakiyar shekarun 1990 suka fito. Wannan da ido da hanci da agogon awon matsi ake gane ta.

Kai kuma mai mota, kada ka sayi komai tukuna. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, kuma babban cikinsu ina zaton mai arha ne.

Fara da wannan. A jikin bwat ɗin, ɓangaren hagu, akwai wani ɗan gwangwani mai launi da murfin roba, modilato. Siririn tiyo ya taho masa daga inji. Cikinsa wata ƴar fatar roba ce ta raba mai da iska. In ta tsufa ta tsage, inji yakan riƙa zuƙe man bwat ta wannan tiyon yana ƙonawa tare da fetur. Shi ya sa mai ke ɓacewa ƙasa a bushe. Shi ya sa kuma hayaƙin ke zuwa daidai lokacin da ka saki totur, domin a nan ne zuƙar ta fi ƙarfi. Dukan da take yi ma daga nan yake iya fitowa: in zuƙar ba ta isa modilato yadda ya kamata ba, bwat ɗin ta ɗauka ka taka totur har ƙasa, sai ta sa matsi mai yawa. Gwajin ba ya cin ko dala. Ka zare tiyon daga bakin modilato, ka sa farin ƙyalle. Ya kamata ya fito a bushe. In ka ga jan mai, ka kama ɓarawon.

Maganar giya ta ɗaya kuwa, makanikenka bai saba da Marsandin wancan zamani ba. Da yawa daga cikin masu fetur da giya ta biyu suke tashi in an taka totur a hankali, haka aka ƙera su. Tsaya cak, ka taka har ƙasa, ko ka ja hannun giya zuwa 2, za ka ji ta ɗayan. In ta fito, ba ta mutu ba.

Mai tambaya:
Baba, na gode ƙwarai. To jinkirin D fa, da ihun shiga ta uku?

Tsohon makanike, Bukoki:
Sannu a hankali. Ba a yanke wa bwat hukunci alhali manta bai cika ba. Yaya kake awo? Yawancin mutane a kashe suke aunawa kamar man inji, shi ne kuskure. Ka yi tafiya har ta ɗauki zafi sosai, ka tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, ƙafa a kan birki, ka bi da hannun giya ko'ina kana ɗan tsayawa, ka mayar P, sannan ka zaro sandar awo. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama bai kai rabin lita ba, don haka kaɗan-kaɗan ake ƙarawa. In ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuma ba ta riƙe matsi.

Ka ɗiga shi a farar takarda ka duba. Ja ne garau, ko ja mai duhu? Wannan da sauƙi. Baƙi mai warin ƙuna, faifan kuloci sun ci wuta. In kuwa ya yi kalar madara mai ɗan ja, to ruwa ne ya shiga, domin man bwat yana bi ta cikin radiyato ya huce, kuma in bututun ciki ya fashe sai su gauraya. Wannan shi ne mugun labari, ruwa yana ɓamɓare fatar faifan.

Yanzu ribas ɗin da ka ce yana shiga nan take, wannan shaida ce babba, ka riƙe ta. Ribas yana buƙatar matsi mai yawa. In famfo ne ya gaji, da wuya ribas ya riƙa kamawa tsaf. A wannan bwat akwai wata ɗamara da ake kira B2, tana aiki a giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku, amma babu ruwanta da ribas. Fistan ɗin da ke matse ta sanannen mai laifi ne a 722.3 da 722.4: yakan maƙale a raminsa ko ya karye, har kamfanin ya sake masa fasali daga baya. In ya karye, mota ta yi baya lafiya, gaba kuwa ko motsi. Taka tana tafiya, to ƙila maƙalewa yake, ko kuma ƙarancin mai ne kawai. Ta gefen bwat ake fiddo shi, wurin da ƙunci amma masu haƙuri suna yi ba tare da sun sauke ta ba.

Ihun shiga ta uku kuma aikin kulocin K1 ne. Wani lokaci faifan ne suka cinye, amma sau da yawa sifirin ɗin da ke cikin akwatin bawul ne ya saki, kuma ana sayar da sabon saitinsa. In an cire tasar ƙasa ana kai masa. Kafin nan a duba kebul ɗin totur, kada ya zama wani ya taɓa saitinsa.

Mai sayar da kayan mota, Katako:
Duk abin da Baba ya faɗa haka ne. Ni da nake sayar da bwat ta hannu ma zan gaya maka, Alhaji, ba mu san cikinta ba. Wadda za ka saya sa'ar taka ce a shekaru, ƙila ta fi taka gajiya, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke biyowa ta Kwatano suka yi tsada. In ta kai ga saye, ka kwafi lambar da aka buga a jikin taka, gefen dama sama da tasa. 722.4 iri-iri ce, ta gazuwal daban, ta fetur daban. Kuma ka ce a buɗe maka tasar a gabanka kafin ka biya. Wanda ya ƙi, ka wuce.

Ɗan taksi, Wadata:
Ni dai shawarata kada ka kuskura ka yi mata bidanj. Tsohuwar bwat tsohon manta ne ke riƙe da ita. Na ga wadda aka canja wa mai, ko mako ba ta yi ba ta zauna.

Tsohon makanike, Bukoki:
Wadda ka gani ta riga ta mutu, ɗana, garin faifanta da ke yawo cikin man ne ya rage tana kamawa da shi. Irin wannan ko ba a taɓa ta ba kwananta ya ƙare. Amma a ce mota ta shekara da shekaru a ajiye cikin zafin Tawa da ƙurarta, a bar mata matatar da ba a san ranar da aka sa ta ba? A'a. Ƙa'idarta kowane kilomita 60,000, a ƙasarmu da Afrilu ke wuce digiri 40 ma gara a rage. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tura mai da na'ura da ƙarfi. A kwance tasa, a zubar, a canja matata da robar bakin tasa. Tulun da ke tsakanin inji da bwat, konbata, shi ma yana da nasa ƙusar zubarwa, sai an juya inji a hankali ta leƙo ta ƙasa. In an zubar da duka za ta ci wajen lita 6. Man Dexron II aka rubuta mata, Dexron III yana yi. Kada wani ya ba ka man CVT, na wata irin bwat daban, ya ce duk ja ne.

Kuma ka tsaya a wurin lokacin da za a sauke tasar, ka sa yatsa a gindinta. Laushin toka kaɗan ba komai. Ɓarɓashin baƙar fata da yawa, ko ƙyallin ƙarfe, to a nan ne za mu fara maganar sauke bwat.

Wata ƴar'uwa mai 190, Plato:
Ni ma tsohuwa nake hawa, 190E, bwat ɗinmu iri ɗaya. Malam, ina roƙonka kada bwat ta ɗauke maka hankali daga abin da ke kashe mutum. Motar da ta zauna, roba ce ke fara mutuwa. Tayoyin nan ko zanensu bai goge ba, duba lamba huɗun da ke gefe, mako da shekarar ƙira ne. Tiyon birki, man birki DOT 4, tiyon fetur, sannan robobin nan biyu masu faɗi da ke haɗa farfela gaba da baya. In ɗaya ta tsinke kana gudu, farfela tana iya fasa jikin bwat ɗin da kake ta wahala a kai. Su ma suna sa duka lokacin shiga D. Fenti da kujeru su jira, ni sai da na shekara ina yawo da tawa kala biyu, ana dariya ina wucewa.

Wani ɗan'uwa, Harobanda:
Ko dai ka mayar da ita mai giyar hannu ka huta? Ko ka sayar ka sayi ƙaramar Toyota.

Mai tambaya:
Ɗan'uwa, da don sufuri ne da na yi hakan. A cikinta Baba yake kai mu gona, ba ta sayarwa ba ce.

Mai sayar da kayan mota, Katako:
Mayarwar ma ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an nemo fedal, da fulawul, da kuloci da famfunansa, da hannun giya, farfela ma sai an canja ko an gyara tsawonta. Kuɗin ya kan zarce na gyaran.

Mai tambaya:
Jama'a ga yadda ake ciki. Na zare tiyon kamar yadda Baba na Bukoki ya ce, jan mai har ya ɗigo mini a hannu. An samo modilato kalar nawa, an sa, an canja tiyon don ya jiƙe ya yi laushi. An sauke tasa a gabana: mai ya yi duhu amma babu warin ƙuna, toka kaɗan, ƙarfe babu. Robar farfela ta gaba duk ta tsattsage, Hajiya, an canja biyun. Na taka totur har ƙasa, giya ta ɗaya tana nan da ranta. Hayaƙi ya ɗauke, mai ya tsaya inda aka bar shi, D tana kamawa ba duka. Ihun shiga ta uku ne bai tafi ba, ya ragu amma in ta yi zafi yana nan.

Tsohon makanike, Bukoki:
Alhamdulillahi. Sabon modilato ba a barinsa yadda ya zo, sai an saita shi da agogon awon matsi, inji na aiki, tiyon a zare. Akwai ɗan makulli ƙarƙashin murfin robar, da shi ake ƙarawa ko a rage. Kada a murɗa da ka don a ɓoye ihun, matsin da littafi ya ba wa lambar bwat ɗinka za a bi. In an saita bai daina ba, sai sifirin K1. Kafin nan, in ka ji za ta shiga ta uku ka ɗan sassauta ƙafa, kada ka bar ta tana ihu da nauyi a kanta, kowane ihu faifai yake ci. Kuma kada ka ɗauki hanyar Tawa da ita tukuna.

Mai sayar da kayan mota, Katako:
Saitin sifirin ba kowa ke ajiye shi a nan ba. Turo mini hoton lambar bwat ɗin, in tambayi mutanenmu na Kano da Lome.