Mi ak kabido?

Ɗan Mafara:
Ga marka ta zo, yara ku ba ni amsa,
Mi ak kabido? Kowa shi duba.
Rigar ruwa ce, saƙar kabar goruba,
Daga kai ta sauka, ruwa bai ratsa ba.

Bakabe Mai Homa:
Bazamfare ka koya muna zancen ruwa?
Tafkinku Bakolori, gini ne, ba gado ba.
Mu Matan Fada munka saba nutso,
Yayyafi bai taɓa sa mu neman riga ba.

Ɗan Mafara:
Masunci jiƙewa ita ce sana'atai,
Ina shi ina kabido, kifi bai sa ba?
Na makiyayi ne, na mai noma a marka,
Hannu biyu sake, sanda ba ta faɗi ba.
Laima ko hannu guda taka cinyewa,
Iska ta taso, ba ka ƙara ganin ta ba.

Goggon Ƙaura: Ayyururui! Ɗana ka gama da shi. Bakabe, koma Argungu ka shanya homarka.

Bakabe Mai Homa: Goggo, ke da ɗanki ne, ko tari ya yi guɗa za ki yi.

Malamin Jega: Ku dakata. Ɗan Mafara ya fara da ɗango huɗu ya koma shida, wane kari ke nan? Kuma "ba" ta korewa amsa-amon rago ce, kowa na iya jera ɗari.

Goggon Ƙaura: Malam, Bakabe ma da "ba" ya rufe, ba ka gani ba don ɗan jiharku ne?

Ɗan Mafara:
Malam mai awo, ajiye ma'auni,
Kawo baiti guda mu ga ko bai gurgunce ba.

Malamin Jega:
Kabido sutura ce ta mutanen da can can,
Yanzu leda ta kore ta, ko buhun taki a kan.

Bakabe Mai Homa: A kan mi, Malam? Wannan ko ni ban iya kare ka.

Auta na Gummi: Salamu alaikum, na sha rashin caji. Amsar tambaya: rigar ruwa ce ta kaba.

Goggon Ƙaura:
Auta ya iso an watse, an share,
Kabido bayan ruwa, wa zai saya?

Malamin Jega: "Share" da "saya" ba su haɗu ba, Hajiya.