Musanya waya cikin FPGA: aikin injiniya ne ko na mai gyara?

Ɗan Adar: Salamu alaikum ƴan zaure. Yau raina a ɓace yake. Na kai wa wani malaminmu nan Tawa aikina na ƙarshen shekara kan musanya waya cikin FPGA, wato guntun silikon da ake iya sake tsara da'irarsa da kwamfuta, ya ce wai wanga aikin masu gyaran rediyo ne. Alhali a FPGA yawancin jinkirin sigina daga hanyoyin haɗi yake fitowa. Dabarar ita ce ka ƙara wata waya da ba ta canza sakamakon da'irar, sai wata doguwa ta zama ba ta da amfani, ka cire ta. Aiki ɗaya, gudu ya ƙaru. Ina rediyo a nan?

Mai Gyara Katako: To ɗan samari, masu gyaran rediyon ba mutane ba ne? Da wannan sana'a na aurar da ƴaƴana.

Ɗan Adar: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, maganar malam ce na maimaita.

Mai Gyara Katako: Amma ai ita ta ƙona maka rai. Ka raina mu ke nan.

Hadiza Info: Baba, shi ko ƙarfen dalma ba ya taɓawa. Wayoyin suna cikin guntun silikon, kwamfuta ce ke buɗe mahaɗai tana rufewa. Ba gyara ba ne, tsarawa ne.

Mai Gyara Katako: Ɗiyata, abu na tafiyar hawainiya ka sa shi sauri, mene ne sunansa in ba gyara ba?

Injiniya Sani: Gyara sai ga abin da ya lalace. Kai Ɗan Adar, da wace manhajar tsarawa ka yi, Vivado ta kamfanin Xilinx ko Quartus ta kamfanin Altera?

Ɗan Adar: Quartus, yaya.

Injiniya Sani: Shi ya sa! Xilinx ce ta fito da FPGA ta farko a 1985.

Hadiza Info: Kai dai da son Xilinx. AMD ta saye ta tun 2022.

Injiniya Sani: Altera ɗin taku fa? Intel ta haɗiye ta a 2015.

Mai Gyara Katako: Duk turancinku, allon na ƙonewa wurina za ku kawo shi Yamai.

Injiniya Sani (shugaban zaure): Na rufe maganar nan. Abin da aka tsayar: musanya waya tsarawa ne, Hadiza ta bayyana sarai. Baba mun ji kokensa, muna girmama shi. Ɗan Adar ya koma Vivado kafin ya sake zuwa gaban malaminsa.