Ɗinki kaɗai na iya, ta yaya zan miƙa shi ga Ubangiji?

Mai tambaya: Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Kristi. Shawara nake nema. Ranar Lahadi an yi mana wa'azi a kan misalin talanti a Matiyu 25, inda wani maigida ya danƙa wa bayinsa kuɗi su juya, aka ce kowa ya je ya miƙa baiwarsa ga Allah cikin addu'a. Da dare na durƙusa, sai na rasa abin faɗi. Ba ni da muryar waƙa, ban iya tsayawa gaban jama'a ba. Ɗinki ne kawai a hannuna, shekara 11 ke nan ina kan keke, da shi nake ciyar da 'ya'yana. Abin da nake karɓar kuɗi a kansa, ta yaya zan ce na ba Allah? Tsorona kada in zama bawan nan da ya tona rami ya binne nasa.

Wata uwa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Buɗe Ayyukan Manzanni 9, daga aya 36. Tabita, wadda ake kira Dokas, a Yafa take, kuma ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Da ta rasu, mata gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Ya durƙusa ya yi addu'a, ta tashi. Duk lokacin da na karanta wurin nan, hannuwan matan nan nake gani riƙe da tufafin.

Wani dattijo: Abin da Mama ta faɗa haka yake. A Fitowa 31 Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya, azurfa, tagulla da sassaƙa. Abokin aikinsa Oholiyab gwanin ɗinkin ado ne da zare shuɗi, shunayya da ja. Batun kuɗi kuwa, kada ya dame ki: Bulus ma ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da Bilkisu, da ita ya ci abinci. In kin rasa kalmomi, ari na Dawuda a 1 Tarihi 29:14, inda ya shaida cewa kome daga Allah yake, nasa ne muke mayar masa. Ki ɗora hannu a kan keken kafin ki sa zare a allura, ki ambaci idonki, yatsunki da mai kayan da ke gabanki, ɗaya bayan ɗaya.

Wata tela: Yaya, ni ma sana'ar nake yi, bari in faɗa miki gaskiya: addu'ar ba ta da wuya, abin da ke biyo bayanta ne mai nauyi. Washegarin da na yi ta, wata ta kawo kaya tana so a kwana uku. Har na buɗe baki zan ce "an gama" kamar yadda na saba, alhali na san sai mako biyu. Na kasa. Na gaya mata gaskiya, ta kwashe yadinta ta tafi, na zauna raina a ɓace. Daga nan na duba buhun da nake tara ragowar ƙyallayen mutane ba da saninsu ba, kunya ta kama ni. Kafin ki ce "ga shi, Ubangiji", ki san alkawarin rana da ragowar yadi duk suna cikin abin da kika miƙa.

Mai tambaya: Ƙanwata, kin taɓa ni inda yake ciwo. Akwai ragowar yadin mutum biyu a ƙarƙashin teburina, gobe da safe zan mayar musu. Baba, na yi addu'ar ɗazu a gaban keken, wannan karon bakina ya buɗe. Mama, akwai wata maƙwabciyata da mijinta ya rasu bara, rigar makarantar ƙaramarta ta yage a hammata. Ina so in ɗinka mata sabuwa, amma ta yaya zan samu awon yarinyar ba tare da na kunyata uwar ba?