Ƙeyar yarona ta baje gefe guda, ko kyautar magani ta yara ta haɗa da wannan?

Maman Abdul, Birni:
Salamu alaikum yan uwa, yarona wata 4 ƙeyarsa ta dama ta baje sosai, kullum can yake juya kai in yana barci, kakarsa tana ta gasa mishi da tsumma mai ɗumi amma shiru. Na gani a Facebook wai akwai wata hula ta gyaran kai da ake sa wa jarirai, to tunda an ce maganin yara ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar tun 2006, gwamnati na biyan wannan?

Hajiya ta Zango:
Ɗiyata kwantar da hankalinki. Ƙashin kan jariri laushi gare shi, inda ya daɗe kwance nan ke bajewa. Ki yawaita goyo, ki riƙa sauya hannun da kike shayar da shi, in idonsa biyu ki kife shi kan ciki kina kallonsa, amma barci a rigingine kawai. Gasa kan nan da tsumma a bari haka.

Baban Nana:
Ni ban taɓa ganin hular nan a Damagaram ba, ko a Ingila ma asibitin gwamnati ba kasafai yake biya ba, awa 23 yaro ke sa ta a rana ga zafin garin nan. Abin da nake so gwamnati ta ɗauka shi ne kuɗin motsa wuya, yara da yawa jijiyar wuya ce ta ɗaure. Maman Abdul ki kai shi likita a duba, wani lokaci ƙasusuwan kai ke haɗewa da wuri, wannan kam sai aiki.

Maman Abdul:
Na gode ƙwarai, gobe da safe zan kai shi insha Allah.