Harsashin haɗin gida ko na kamfani: wanne za ka shiga dajin Alaska da shi?

Malam Sani: Jama'a, mu ƙarasa gardamar jiya. Ina nan kan bakana: wanda zai shiga dajin Alaska ko na Montana, inda dabbar beyar take, gara ya ɗura wa fistol ɗinsa harsashin da ya haɗa da hannunsa. Ai .44 Magnum kanta, wato nau'in harsashin fistol mai ƙarfi, daga hannun mai haɗi ta fito. Elmer Keith na jihar Idaho ya daɗe yana ƙara wa harsashin .44 Special ƙarfi a gida, kafin kamfanonin Remington da Smith & Wesson su fitar da ita a tsakiyar shekarun 1950.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, ka tsallake inda bindigar Colt ta fashe wa Keith ɗin a hannu tun yana matashi.

Malam Sani: Hajiya, wa ya ce a wuce iyaka? Akwai littattafan awon albarushi, akwai sikeli. Ribar ita ce ka zaɓi kan harsashi na dalma mai tauri, mai faffaɗan goshi, wanda ba ya bajewa, ya fasa ƙashi ya wuce ciki. Kuma da arha, sai ka samu na gwaji da yawa.

Idris: Yaya Sani, a da ne wannan hujjar take da ƙarfi. Yanzu kamfanonin Buffalo Bore da Underwood suna sayar da irinsa a kwali, sun auna matsinsa da na'ura. Kai a gareji da me za ka auna? A ma'aunin matsi na psi, iyakar .44 Magnum 36,000 ce, ta harsashin .454 Casull kuwa 65,000. A irin wannan matsi, kafin kwanson harsashin ya nuna maka alama ka riga ka yi nisa.

Baba Audu: Ni abin da ke damuna daban ne. Fistol mai juyi idan ba ta da nauyi kuma harsashinta mai nauyi ne, duk harbi sai ta zabura, sauran kawunan su riƙa zamewa daga kwansonsu. Idan bakin kwanson bai damƙe sosai ba, ɗaya ya leƙo waje, tulun da ke riƙe da harsasan ya ƙi juyawa. Shi ke nan, ƙarfe kawai ka riƙe, ga dabba ta taho. A wurin farauta da sauƙi, barewa ce ta tsere. A wurin kare rai fa?

Malam Sani: To ai Baba ka taya ni! Mai haɗi shi ke matse bakin yadda yake so, ya harba biyar ya auna na shida.

Baba Audu: Mai natsuwa ke nan, ɗana. Su nawa ne?

Idris: Shi ya sa da yawa suka koma fistol mai cin harsashin 10mm, wadda ba ta da tulu mai juyawa. Glock 20 na cin harsashi 15, kuma sojojin Denmak na rundunar sintiri ta Sirius a Girinlan ita suke riƙewa. Sai dai kamfanin Glock bai yarda da haɗin gida ba, masu harba dalma zalla ma sukan canza bututun bindigar.

Hajiya Rabi: Duk kun manta da feshin barkono. Binciken Tom Smith da abokansa na 2008 a Alaska ya nuna ya dakatar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na haɗuwar da aka yi amfani da shi. Ni da shi zan fara, fistol na gefe, cike da na kamfani.

Malam Sani: Idan iska ta juyo miki da barkonon fa?

Hajiya Rabi: Kai kuma idan hannunka na rawa fa?

Baba Audu: Ku haɗa na gwaji da na farauta a gida, ban hana ba. Na ɗamara a daji, ni kwali zan saya.

Malam Sani: Na ji, amma ban sauka ba. Idris, nawa kwalin Buffalo Bore ɗin yake yanzu? Mu lissafa tukuna.