Ƙanena zai shiga sojan Amurka, an ce ana iya dawo da mutum bayan ya gama

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Ƙanena shekararsa 22, yana da girin kad (izinin zama na dindindin a Amurka), yana zaune a New York. Mai ɗaukar soja ya ce masa kwantiragin shekara 4 ne, in ya gama ya kama gabansa. Ranar Litinin zai sa hannu. Mama ta ji an ce in yaƙi ya tashi ana kiran tsofaffin soja dole. Gaskiya ne? Mu bar shi ko mu hana?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Mama ta yi gaskiya. Duk wanda ya shiga karo na farko, shekara 8 ke wuyansa. In ya yi 4 a bariki, sauran 4 yana cikin ajiya da ake kira IRR. Babu albashi, babu atisayen wata-wata, amma dole ya riƙa sanar da su in ya sauya adireshi, kuma suna iya kiransa ya bayyana na yini ɗaya. A 2004 rundunar ƙasa ta kira wajen mutum 5,600 daga wannan ajiyar saboda yaƙin Iraki. Ku karɓi takardar kwantiragin shiga soja, wato DD Form 4, ku karanta. A ciki an rubuta cewa in ana yaƙi, wa'adin na iya ci gaba har wata 6 bayan yaƙin ya ƙare.

Baban Amira: Ya shiga kawai, akwai kuɗin shiga dala 50,000.

Ɗan Zango: Malam, wannan shi ne ƙololuwa da suka sanar a 2022, ga wanda ya sa hannun shekara 6 a aikin da ake ƙarancin mutane. Wani ba ya samun ko sisi. Kuma ana cire haraji, in bai cika wa'adi ba a nemi ya mayar.

Mai Tasi: Ku bar zancen kuɗi. Abin da ya fi cin rai shi ne wanda bai ma fita ba. A zamanin Iraki da Afganistan akwai dokar tsayar da sallama. Mutum ya ƙirga kwanaki, ya ɗaure kaya, matarsa ta kama haya a gari, ya biya kuɗin makaranta, sai a ce rundunarsu za ta tafi, babu mai fita. Ya tafi ya yi shekara guda ko fiye, ya dawo ya ƙara zaman watanni kafin a sake shi. Sai a 2009 aka amince a biya su dala 500 kan kowane wata da aka riƙe su. Dala 500! Auren da ya mutu fa? Yaron da ya fara tafiya ubansa ba ya nan fa? Kuma ba a turo kuɗin haka nan, sai wanda ya cike takarda kafin wa'adi ya rufe.

Baban Amira: Kai ka taɓa sa kaki ne? Ku bar waɗanda suka yi aikin su yi magana.

Mai Tasi: Karanta takarda ba ya buƙatar kaki, Malam.

Autan Mama: Hajiya a nema masa aikin dafa abinci a barikin, ko an kira shi tukunya zai tarar.

Anti Nas: Auta, mai girki ma da rundunarsa yake tafiya. 'Yar'uwa, ga abin yi. In takardar kira ta zo, ba a yin shiru, ƙin zuwa laifi ne. Ana neman ɗagi ko yafewa a rubuce, da hujja: takardar likita, ko shaidar cewa shi kaɗai ke riƙe da iyali. Doka ta tilasta wa wanda yake yi wa aiki kafin kiran ya mayar da shi gurbinsa in ya dawo, kuma bashin da ya ci kafin kiran ana sauke ruwansa zuwa kashi 6 cikin 100, amma sai ya aika wa banki kwafin takardar. Duk alƙawarin da mai ɗauka ya yi da baki, in bai shiga kwantiragi ba, babu shi.

Baban Amira: Ko ba komai zai samu fasfo nan take.

Anti Nas: Wannan zancen shi ya halaka mutane. Rantsuwar shiga soja daban, ta zama ɗan ƙasa daban. Sai ya cike N-400, takardar neman zama ɗan ƙasa, ya haɗa da N-426, shaidar aikin soja, da rundunarsa za ta sa wa hannu. Ba a biyan kuɗi, amma babu wanda zai cike masa. Akwai tsofaffin sojan da suka je fagen daga suna zaton sun zama 'yan ƙasa, bayan sun fita suka samu matsala da kotu, aka kore su daga Amurka.

Mai Tasi: Wallahi wannan ya fi kiran ciwo. Ka ɗauki bindiga dominsu, a ƙarshe a sa ka a jirgi.

Uwar Biyu: To N-426 ɗin, tun yana wajen horo zai nema, ko sai an tura shi rundunarsa?