Manoman ƙauyukan Ingila na da: bayi ne ko 'ya'ya?

Ɗan Aji Uku: Salamu alaikum. Ina karatun tarihin Turai ne, na zo kan zaman ƙauyukan Ingila bayan William na Nomandi ya ci ƙasar a 1066. An ce manomi ba ya barin ƙauye sai da izinin ubangidan ƙasar. To, wannan ba bauta ba ce?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam, ɗana. Akwai bambanci. A ƙidayar da William ya sa aka yi a 1086, bayi na ainihi kusan ɗaya ne cikin goma, kuma kafin 1200 sun ƙare. Yawancin sauran manoma da ƙasa aka ɗaure su. Ba a kai mutum kasuwa, amma in gona ta canja hannu, da shi ake bayarwa. Kwana biyu ko uku a mako yana gonar ubangida, da kaka kuma a ƙara masa. In zai aurar da 'yarsa, sai ya biya. In ya rasu, ubangida ya zo ya zaɓi dabbar da ta fi kyau. Coci ma na nan tana jiran ushirinta.

Gwaggon Yara: Malam, ba ka taɓo zancen niƙa ba, wanda shi ya fi ba ni haushi. Dole ka kai hatsinka injin ubangida ya yanki rabonsa. A garin St Albans, shugaban gidan ibadar Kirista na garin, wanda shi ne ubangidan ƙasar wurin, ya ƙwace duwatsun niƙan mutane, ya daɓe ɗaki da su. Da aka yi boren talakawa a 1381, jama'a suka shiga suka tone su, suka farfasa, kowa ya tafi da guntu. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Ɗan Aji Uku: Ikon Allah! Kenan kamar gandu da gayauna ne a wajenmu?

Malam Mai Alli: Ta fuskar rabon aiki, e. Sai dai can ba uba kake wa noma ba. Kuma ka riƙe 1348 don jarrabawa. Annobar da ta shigo a shekarar ta kashe aƙalla sulusin mutane, ƙwadago ya yi tsada, manoma suka fara gudu zuwa inda ake biya. An kafa doka a 1351 don danne lada, amma ba ta hana su tafiya ba.